Giyayyar Malam a Fadamar Baturiya

Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa.

Haɗeja, ranar Talata. Mun tashi a mota ƙarfe biyar da rabi, ni da direba da Malama Binta mai binciken magunguna a jami'a. Maigidana Malam Garba, Allah ya jiƙansa, ya shekara arba'in yana ba masu zazzaɓin taifot ɓawon giyayya. Malama ta sayi ɓawon a kasuwa ta gwada a kan ƙwayoyin cutar, bai yi komai ba. Na ce mata na kasuwa a rana ake shanya shi. Malam kuwa bishiya ɗaya yake zuwa, ya sara ta gefen gabas, ya busar a inuwa. Bai rubuta ba, ba mu haihu ba, idona kuma ya soma tafiya. In ban nuna bishiyar ba, aikinsa ya bi shi kabari.

A hanya. Shinge biyu muka wuce. A na biyu ɗan sanda ya leƙo.

"Iya, asibiti za a kai ki?"

"Wajen bishiya za ni."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Baturiya, ƙarfe takwas. Mun sha kunu da ƙosai, muka shiga kwalekwalen wani masunci, Isa. Ciyawar kacala ta toshe mashigar da na sani, sai da muka yi zagayen awa guda.

"Iya, giyayya a nan ba ta ƙirguwa," in ji Isa. "Wacce ce budurwar Malam ɗin?"

"Kai dai tuƙa, ɗan nan. Hannuna ya san ta."

Malam in ya sara, yakan shafe wurin da laka don kada bishiyar ta mutu, tabon ya warke ya yi tudu. Shi na yi ta lalube. Bishiya takwas, ba komai. A ta tara na ji tabo bisa tabo, har inda hannuna bai kai ba. Na jingina goshina na yi kuka, ba wanda ya hana ni. Isa ya sara inda na nuna, ni na shafa lakar.

Gida. Mun iso bayan la'asar, ƙafafuna a kumbure. Na busar da ɓawon a inuwa, Malama ta tafi da shi. Bayan mako uku ta zo da hoton farantin gwaji a waya. Ban iya gani ba, sai ta kama yatsana ta zagaya da shi a kan gilashin.

"Nan ƙwayoyin suka kasa matsowa. Amma a faranti ne, Iya, ba a jikin mutum ba. Mai taifot ya je asibiti tukuna."

"Kin rubuta yadda yake yi?"

"Har lakar. Da sunansa a sama."

Na ce ta karanta mini sunan, ta karanta. Allah ya saka mata da alheri, ita da Isa da direban da ya yi haƙuri da tsufana. Wanda ya karanta wannan, ya sa Malam a addu'a.