Takalmin Gwanjo Mai Kofato

Takardar ɗaukata aiki ta iso ne a farkon damina, a shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, har a ƙauyenmu kana jin rediyo na magana a bakin gona, samari kuma hankalinsu duk ya koma kan babur. An ba ni aikin akawu a wani ofishi da ke raba wa manoma taki a Faskari. Ni ne na farko a gidanmu da zai ci abinci da alƙalami, don haka kowa ya sa baki a shirin tafiyata. Innata ta kai yadi wajen tela, mahaifina ya ba ni akwatinsa na ƙarfe. Kawuna kuwa, ƙanin innata, wanda ya taɓa zaman Kaduna, ya ce duk wannan aikin banza ne muddin ba a yi maganar takalmi ba, domin a ofis ƙafa ake fara kallo kafin fuska. Abin da nake da shi a lokacin, takalmin taya ne na zuwa gona, sai wani kambas da na gama makaranta da shi, babban yatsa ya riga ya huda shi.

Ranar kasuwar Ƙanƙara muka tafi ni da kawu. Ya ƙi mu fara gwaji sai bayan azahar, wai ƙafa tana kumbura da rana, wanda ya sayi takalmi da safe zai yi kuka da yamma. Na nuna sha'awar takalmin danƙo, ya ce wannan kafin a tashi aiki ya cika ɗaki da wari. Na ɗauki wani mai tudun dunduniya irin wanda samari ke yayi, ya ce in na shiga ofis da shi za a ɗauka makaɗi ne ya zo roƙo. Abin da yake so shi ne sau-ciki baƙi, mai igiya, marar ado. Akwai su da yawa a kasuwar, sababbi fil a kwali, amma ƙafata ta manomi ce, mai faɗi, duk faso. Duk wanda na sa sai ya matse ni kamar tarko.

Mun haƙura za mu nufi tasha sai muka bi ta bayan rumfunan masu hatsi. Can gefe, ƙarƙashin wani marke, wani mutum ya shimfiɗa buhu ya baza kayan gwanjo 'yan kaɗan: agogon hannu da ba ya tafiya, fitilar ƙwai, da wani takalmi sau-ciki. Bai kira mu ba, bai ma ɗaga kai ba. Ƙafata kawai ya kalla, ya sa hannu ya turo min takalmin. Baƙi ne, fatarsa ta yi laushi, an buga masa ƙarfe a dunduniya kamar kofato, na hagun ya ɗan guntule a gefe. Na zura ƙafa, ya zauna daram. Kawu ya tambayi mutumin inda ya samo shi, ya ce kayan hanya ne, bai ƙara ba. Kawu ya yi ta murna har gida. Abin da ban gaya masa ba shi ne, lokacin da na sa ƙafa na ji cikin takalmin da ɗumi, kamar yanzu wani ya cire shi, alhali a inuwa yake, kuma an yi ruwa da safen nan.

Ranar Litinin na isa ofis. Gini ne mai ɗaki uku da doguwar baranda ta siminti. Ina hawa barandar takalmin ya fara magana, na dama ya ce ƙwas, na hagu ya ce ƙis. Wani dattijo, masinjan ofishin, tsohon soja ne, yana zaune a benci ya ba ni baya yana gyaran fitila. Sai ya miƙe da sauri, tun kafin ya juyo ya ce, "Malam, ashe ka dawo?" Sa'an nan ya juyo ya gan ni. Ya kalli fuskata, ya kalli ƙafata, ya koma ya zauna. A ciki kuma mai buga tafireta ya tsayar da hannu, bai ci gaba ba sai da na zauna a teburin da aka nuna min, kusa da taga.

Haka na yi mako guda. Shugaban ofishin mutumin kirki ne, ya koya min yadda ake cike takardun manoma, bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma duk lokacin da na tashi na taka, sai hira ta mutu. Na ɗauka ƙauyancina suke gani, na riƙa tafiya a kan yatsu don kada a ji ni.

Akwai kuma wani abu. Masaukina yana gabas da tasha ne, a gidan wani abokin mahaifina. Amma sau biyu, da la'asar bayan an tashi aiki, ina tafe ina tunanin gida, sai na farga ina tsaye a wani lungu bayan masallaci, gaban wani ɗaki mai koriyar ƙofa da kwaɗo a jiki. Ban san kowa a lungun ba. Na gaya wa kaina cewa dunduniyar takalmin ce ta ci ta gefe guda, shi ya sa take karkatar da ni.

A mako na biyu aka wayi gari da ruwa, ya ɗauke da hantsi. Ina rubutu sai na ga wani tsoho ya shigo harabar, gatari a kafaɗa, kansa a sunkuye yana bin ƙasa da kallo kamar wanda ya yar da allura. Ya zo har bakin baranda inda laka ta ƙare, ya tsuguna, ya sa yatsa cikin wani sawu. Sawuna ne. Masinja ya leƙo ta taga ya ce in fito mu yi magana ta baya.

A nan ya gaya min abin da kowa ya sani ban da ni. Akawun da na gada, tsohon nan ne mahaifinsa. Maguzawa ne daga wani ƙauye a dajin da ke wajen Sabuwa, yaron ya yi karatu wajen 'yan mishan, ya shekara uku a teburin da nake zaune. Bara da kaka ya karɓi hutu, ya shiga mota zai je kudu ya sayo babur. Bai isa ba, bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Tun daga nan uban yake zuwa kowane wata ya tambaya. Masinja ya ce shi da kansa ya kai takalmin wajen baduku aka buga masa ƙarfe, ya kuma nuna min gefen matakalar da na hagun ya guntule a kai. Na tambaye shi inda akawun yake kwana. Ya ce bayan masallaci, wani ɗaki mai koriyar ƙofa.

Na je na durƙusa na gai da tsohon. Ya amsa ba tare da ya ɗauke ido daga ƙafata ba.

"Ɗan nan, ina ka ishe mai takalmin ga?"

Na ce, "Baba, ban ishe shi ba. A kasuwar Ƙanƙara na saye shi, wajen mai gwanjo."

Na fara kwance igiya zan ba shi, ya riƙe min hannu. Ya ce shi maharbi ne, tun daga tasha ya gane sawun, kuma tun daga tasha ya san ba ɗansa ba ne a ciki, don ɗansa ba ya danna yatsu haka. Amma uwar yaron idonta ya tafi, kuma ta hana a yi zaman makoki, ta ce ba ta ga dalili ba. In ya shiga gida da takalmin a hannu, to shi ya kai mutuwa da kansa, kuma ba zai iya ba. Roƙonsa shi ne in taka masa shi har gida.

Ban gaya wa kowa a gidanmu ba. Ranar Asabar muka shiga motar katako, ta yi ta faɗawa ramuka har muka sauka a wani wuri da ba gida ko ɗaya, muka kama hanyar ƙafa. Dajin ya yi duhu da ganye ko da yake rana ce tsaka, hadari ya rufe sama, ba iska ko kaɗan. Tsohon ya sa ni gaba. Ba abin da ake ji sai kukan wani tsuntsu da ya yi ta binmu daga bishiya zuwa bishiya. A wani wuri hanya ta rabu uku. Ban tsaya ba, ban tambaya ba, na bi ta tsakiya. Sai da na yi nisa na tuna ban taɓa zuwa nan ba. Na waiga, na ga tsohon tsaye a mararrabar yana kallona, sa'an nan ya biyo ni.

Ƙauyen gida biyar ne ko shida, da manyan rumbuna. Karnuka suka fito da gudu, suka shinshini ƙafata, suka juya ba wanda ya yi haushi. A bakin gidan akwai wani fa, shimfiɗaɗɗen dutse da ake shanya hatsi a kai. Ina taka shi ƙarfen ya yi ƙara, sai dakan da ake yi a cikin gida ya tsaya cak. Wata tsohuwa ta fito tana laluben danga. Ta ce in tsaya nan. Ta sa na je ƙarshen fan na dawo, ta sa na sake, kanta a karkace tana saurare. Sa'an nan ta zauna a ƙasa ta ce in cire. Ta jawo takalmin ta sa hannuwanta biyu a ciki, ta daɗe haka. Ni da na yi tafiyar rabin yini da shi, na san cikinsa duk gumi ne.

Ta ce, "Ya yi sanyi. Ku gaya wa mutane."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Sai da ta shige ɗaki da takalmin sa'an nan matan gidan suka ɗauki kukan mutuwa. Aka ba ni ruwa na wanke ƙafa, aka kawo min fura na kasa sha. Tsohon ya raka ni har bakin titi, ina tafe ba takalmi.

Daga baya kawu ya koma wajen mai gwanjon. Ya ce a hannun wani yaron mota ya saya, yaron motar ya ce shi ma wani ya sayar masa a tashar Funtuwa, daga nan magana ta ɓace. Ni kuma na je wajen baduku ya zana ƙafata a takarda, ya ɗinka min sau-ciki mai dunduniyar roba.

Tsohon bai daina zuwa ofis ba. Duk wata zai zo ya zauna ƙarƙashin tagata, ya ajiye min gyaɗa ko 'yar zuma a kwalba, mu gaisa, ya tambayi lafiyar iyayena, ya tashi. Bai sake ambaton ɗansa ba. A shekarata ta huɗu ya daina zuwa, wani mai kawo gawayi ya ce mana ya rasu. Na ɗauki goro na tafi gaisuwa, na sauka daidai inda muka sauka. Na yi ta yawo a dajin nan tun hantsi har rana ta karkata, ban ga ƙauyen ba, ban ma ga mararrabar ba. Wani Bafillatani mai kiwo ne ya tsince ni zaune a kan kututture, ya fito da ni titi, na ba shi goron.