Ciwon da Ba a Gano Sunansa Ba

A shekarar da maiɗakina ta kwanta ciwo ne wani malamin makaranta ya kawo tsohuwar kwamfuta shagona na gyaran rediyo a Ƙafin Maiyaki. Na gyara, bai zo ɗauka da wuri ba. A cikinta na tarar da wani labari na Turanci da ba a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. Sai dai ka danna kalmar da aka ja wa layi, ta jefa ka wani shafi. Wata mata ce ke neman yayanta da ya ɓata. In na danna "kogi" in tsinci kaina a kasuwa, in na danna "kasuwa" a mayar da ni inda na baro. Kai, abin nan ya ci mini rai! Ni dai a gaya mini, ta gan shi ko ba ta gan shi ba? Har mai kwamfuta ya ɗauke abarsa ban sani ba.

A gida ma hakan take. Zazzaɓi ya ƙi sakin maiɗakina. Mai kemis ya ce maleriya ce. Muka hau acaɓa zuwa wani asibiti, aka ce taifod. Na gaba suka ce sai an yi hoto a Kano, can kuma aka ce mu dawo wani satin. Tana ta ramewa, har zobenta ya daina zama a yatsa. Wallahi na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

A shago ina da mita. In rediyo ta mutu, tsinkayen mitar guda biyu zan ɗora mata, allura ta nuna mini inda ɓarnar take. Sai na riƙa tunanin irinta ta mutane, 'yar ƙarama da za ta shiga aljihu, a ɗora a wuyan hannu ta faɗi sunan ciwo. Na dami maiɗakina da zancen nan. Ran nan da hantsi ta miƙo hannu tana murmushi, ta ce, "To Malam injiniya, ɗauko taka ka auna ni mana."

Na ɗauko, ta riƙe tsinkayen. Allura ta ɗan motsa, yadda take yi a hannun kowane mai rai.

"Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce kina nan."

Ba ta ga girbin masara ba. 'Ya'yanmu sun girma, suna tambayata me ya kashe mahaifiyarsu. Har yau sai dai in ce kwana ne ya ƙare.