Ranar da Baba Ya Tsallaka Titi

Shekara arba'in Babanmu yana tuƙa babbar mota, ko kaza bai taɓa takewa ba. Sai ga shi da tsufansa yana tafe a ƙasa wajen unguwar Sainte-Rita, ɗan zem, mai haya da babur, ya kwashe shi. Kansa ya bugu da kwalta. Raunin ya warke, amma mantuwa ta kama shi, kuma da ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya ɗauki rawa. Masallacin Juma'a yana tsallaken titi, muna jin liman daga tsakar gida, Baba kuwa ko zaure ya kasa leƙawa. Wannan ne ya fi cin ransa.

Mutanen unguwarmu Zongo, Allah ya bar mu tare, wajen dubiya ba su da na biyu. Ɗaki ya cika maƙil, kowa ya sunkuyo: "Alhaji, ka gane ni? Wane ne ni?" Sai ka ce jarrabawa. Sannan a ce ya ba da labarin hatsarin tun daga farko. Kafin la'asar ya ba da shi sau goma, ya jiƙe sharkaf da gumi.

Likitar da ke duba shi ta kafa mini sharaɗi: mutum biyu kawai a lokaci guda, kowa ya faɗi sunansa da kansa, kada a tone masa hatsarin. Titi kuma kada a ɓoye masa shi, a riƙa kusantar da shi kaɗan-kaɗan. Na dasa kujera a bakin ƙofa. Kai, na sha surutu! Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce, "Ke, yaushe aka haife ki da za ki sa ni layi in ga yayana?" Na ce, "Gwaggo, yi haƙuri, biyu na ciki." Sati guda ba ta amsa gaisuwata ba.

Kullum da hantsi muna fita, ni da shi. Zaure tukuna, bayan kwanaki dakalin mai shayi. In babur ya wuce ya matse hannuna, mu ja numfashi tare har rawar ta lafa, ba ma komawa ciki da gudu. Wata rana a ci gaba, wata rana ya tubure, ya ce soja ya haifa bai sani ba. Ni ma nakan gaji, ba zan ɓoye ba.

Wata Juma'a na tarar ya sa babbar riga. Muka tsaya bakin titi, babura ta ko'ina. Ya damƙe ni gam, muka tsallaka. A ƙofar masallaci ya saki hannuna ya gyara hula.

"To, uwar iyayi, koma gida. Ko sahun maza za ki bi ni?"

"Baba, wa zai tsallako da kai?"

"Da ƙafarki na zo?"

Ya tuɓe takalmi ya shige. Na juyo ni kaɗai ina share hawaye, na rasa yadda zan yi da hannun nan da ya saki.