Man da Nomau Bai Sata Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Dogon Dutsi, mu uku a cikin a-kori-kurar ɗan ƙanena, da injin sussukar hatsi ƙulle a baya yana bin mu a kan ƙafafunsa biyu. Shi ɗan nawa aiki ne ya kai shi, manoman wani ƙauye a ƙasar Dogon Kiriya suka kira shi. Na ukunmu mai kula da injin ne, mutumin Ɗan Kassari, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in ya samu abin taunawa. Ni ba ni da aikin komai a tafiyar. Na ce musu zan je gaida wani tsohon abokin aiki. Gaskiyar ita ce zan je wurin mutumin da na kira ɓarawo a gaban jama'a fiye da shekara talatin da suka wuce, kuma ina so kafin in tsaya a ƙofar gidansa in san ko ƙarya na yi masa.

Sunansa Nomau. Lokacin da nake direba ina jan a-kori-kurar wani ɗan kasuwa, mota mai giya huɗu, shi ne karen motata. Magidanci ne, da matarsa da ɗiya guda, yana jira in gama koya masa tuƙi shi ma ya samu tasa motar. Wata kaka mai motar ya sayo ramok, wato amalanken ƙarfe da ake ƙullawa a bayan mota, muka riƙa jawo wake daga kasuwannin ƙauye. Tun daga nan isansi, wato fetur, ya fara ƙarewa kafin lokacinsa. Tankin da ya saba kai mu ya dawo da mu sai ya riƙa yada mu a hanya. Ni a tunanina ramok a kan ƙafafunsa yake tafiya, me zai sha? Kuma ina da wata ƙa'ida da nake taƙama da ita: da mota ta motsa sai in yi maza in kai ta giyar ƙarshe in bar ta can, don an koya mana babbar giya ce mai tsimin mai. Da mai motar ya matsa mini da tambaya, sai na juya kan wanda ke kwana a gindin mota. Ranar kasuwa, a tsakiyar tasha, na kama hannun Nomau na sansana, na ɗaga shi sama na ce mutane su zo su ji wari. Wane karen mota ne hannunsa ba ya warin mai? Ban tambayi kaina haka ba. Aka kore shi. A cikin watan ramok ɗin ya karye, mai motar ya sayar da shi, shan mai ya koma daidai, ni kuma na ce wa kowa: kun gani ko?

Da wannan maganar na zauna har bana. Sai ran nan muna shan shayi a ƙofar gida, ɗan ƙanena ya yi ƙorafi cewa duk ranar da ya ƙulla injin sussuka motarsa tana shan mai kusan ninki biyu. Kasa ƙarasa shayin na yi. Da na ji zai tafi wajen su Nomau, na ce a je da ni.

Da muka sauka daga kwalta muka kama jar hanya zuwa Matankari, gari ya fara haske. Bana an gode Allah, gonaki sun yi. Amalanken jakai ne ke ta ɓullowa ɗauke da dammunan hatsi, wasu an tula musu har ba ka ganin mai kora. Mata na roron wake a tsakanin kara, shanun Fulani na tsaye a bakin gonakin da ba a gama kwashewa ba, suna jiran a ba su hanya. Ni dai idona ba a nan yake ba. Yana kan hannun ɗana da sandar giya.

Motar tasa giya shida gare ta, gazuwal take sha, wato man dizal, kuma a gaban direba akwai wani ɗan gilashi mai nuna lamba, in tana shan mai da yawa lambar ta hau, in ta rage ta sauka. A zamaninmu allura guda ce kawai, ita ma sai ka buge ta da yatsa take faɗin gaskiya. Na lura yaron nan ba ya barin motar ta wahala. In hanya ta ɗan tashi ya sauko giya ɗaya, in ta kwanta ya ƙara ɗaya, tsakanin ta uku da ta huɗu da ta biyar yake ta yawo, kukan injin bai canja ba. Ta shida ko kallonta bai yi ba.

Mai injin ya leƙo ƙafata ya ce, "Baba, birkin wannan gefen bai aiki fa. Tun Dutsi kake taka shi."

Muka yi dariya. Sannan na ce wa ɗana, "Ka sayi giya shida kana tafiya da biyar? Sa mata ta ƙarshen mana."

Ya ce, "Baba, da kaya a baya ba ta iyawa."

"Sa mata, ina so in ga wani abu."

Ba ya musu da ni, sai ya sa. Nan da nan muryar motar ta faɗi ƙasa, ta fara kakkarwa kamar mai masassara. Ya taka mai har ƙasa, ba ta ƙara gudu ba, sai baƙin hayaƙi a baya. Lambar nan kuwa ta riƙa hawa ina kallo. Na san wannan kakkarwar. A jikina take. Haka motata take yi daga Dogon Kiriya har Dutsi, ƙafata a danne, ina jin daɗi wai ina yi wa mai gida tsimi. Na ce ya isa, ya mayar da ita ta huɗu, ta yi ajiyar zuciya ta ci gaba.

Ya ƙara mini bayani yana tuƙi. Ya ce amfanin yawan giya shi ne kowane nauyi da kowace hanya akwai wadda ta dace da su. Mai giya huɗu kuwa, tsakanin ta uku da ta huɗu rata ce babba: a ta uku inji na ihu, a ta huɗu yana shaƙewa, babu tsakiya. Ya ce ko da ka iya tuƙi, in ka ƙulla kaya dole mai ya tafi, balle ka danne ta a babbar giya cikin rairayi. Na tuna wata rana muna hawan wani tudu da wake, Nomau ya leƙo ta taga daga baya ya ce, "Maigida, ba ta ta uku, wahala takai." Na ce masa ranar da ya zama direba ya yi magana.

A Matankari muka tsaya karin kumallo. Muka sayi ƙosai da kunu wajen wata dattijuwa, mai injin ya ƙara da kopto, wato kwaɗon zogale, har kwano biyu, yana kukan an rage ƙuli. Kwalaben isansi na jere a bakin hanya kamar kullum, ɗana ya ce ko na kwalba yanzu ya fi ƙarfin mai babur. Ni ƙosai biyu na iya ci.

Daga nan hanya ta lalace. Gargada ta kama mu, injin sussuka na tsalle a baya, sai da muka tsaya sau biyu aka duba maƙullinsa. Inda ruwan damina ya yanke hanya, motoci sun yi wata ta cikin rairayi. A wata ƙorama da ta bushe ɗana ya sauko har giya ta biyu tun kafin mu shiga, ya bi a hankali bai tsaya ba, muka fita. A irin wurin nan ni da gudu nake shiga a babbar giya, in kafe, in yi ta taka mai ƙafafu na tona rami, Nomau na ƙarƙashi da shebur yana shan rairayi. Man da na ƙona a ƙoramun nan ma kaɗai ya isa ya cika durom. Kafin mu isa na gama samun amsar da na fito nema, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Da hantsi muka shiga ƙauyen. Aka kwance injin a masussuka, mata da yara suka kewaye shi. Na tambayi wasu samari gidan Nomau. Suka dubi juna, suka ce Nomau nawa ne a garin. Na ce wanda ya taɓa aikin mota a Dutsi. Sai ɗaya ya ce, "Au, Nomau Isansi! Ka ce haka mana, Baba." Babu mugunta a bakinsa. Sunan mutum ne kawai a wurinsa, da shi ya taso ya ji ana kira.

Na same shi a inuwar rumbu yana gyaran igiyar amalanke. Ya tsufa fiye da ni, ko da yake na girme shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙe.

"Maigida? Kai na? Wa ya rasu?"

Na ce babu wanda ya rasu. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen tasha ɗaya bayan ɗaya, ina cewa wane ya rasu, wane ma ya rasu. Da gaisuwa ta ƙare na rasa ta inda zan fara, sai na fara da giya. Na yi ta ba shi labarin ta uku da ta huɗu da lambar da ke hawa, kamar wani makanike. Yana saurare yana murza igiya.

Ya ce, "Ai na hwaɗa maka a kan tudu."

Na ce, "Ka faɗa. Nomau, ba ka ɗauki man nan ba. Ni na ƙone shi da ƙafata. Ka yafe mini."

Ya ajiye igiyar. Can ya ce tsakaninsa da ni ya daɗe da bar wa Allah, ya yafe duniya da lahira. Amma ya ce labarin ya riga shi isowa gida a wancan lokacin, ƴan kasuwa suka kawo shi. Tun daga ranar ba a sake ba shi ajiyar ko tiya guda ta hatsi a garin ba. Da aka gina rumbun gari aka nemi mai tsaro, an ambaci sunansa, wani ya yi tari, aka wuce. Mahaifiyarsa har ta rasu ba ta taɓa tambayarsa ko ya yi ko bai yi ba, kuma ya ce wannan shirun ya fi masa ciwo. Bai sake taɓa sitiyari ba.

Na ce ya faɗi abin da zan yi.

Ya ce, "Maigida, can a tasha ka hwaɗi waccan, ranar kasuwa, ka ɗaga murya. Wagga ko a bayan rumbu kaka hwaɗinta, daga ni sai jaki."

Bai faɗe ta da zafi ba. Har ya ɗan yi murmushi, ya tura mini ƙwaryar fura. Kafin mu rabu na roƙe shi muka je wurin mai gari, na maimaita maganar a gaban dattawa biyar da muka tarar. Suka ce Allah ya ba da lada, ɗaya ya ce ai abu ya wuce. Muna fitowa wata mata ta ƙwala kira daga nesa tana neman amalanke, da sunan nan ta kira shi, shi kuma ya amsa.

Bayan azahar muka juyo ni da ɗana, muka bar mai injin a kan aikinsa. Motar ba kaya, ta yi sauƙi. Inda hanya ta miƙe ya sa mata ta shida, ta tafi shiru, allurar mai kamar an ɗaure ta. Ya ce, "Ka gani Baba, yanzu ne lokacinta." Na ce na gani. Bai tambaye ni abin da ya kai ni gidan tsohon nan ba, ni ma ban faɗa ba sai da muka hango dutsen garinmu. Da na faɗa masa, ya rage gudu kawai.

Washegari da safe na tafi tasha. Inda muke ajiye mota yanzu rumfar cajin waya ce. Na tsaya a gabanta na ɗaga murya iyakar yadda ƙirjina zai iya, na ce Nomau na ƙasar Dogon Kiriya bai saci isansi ba, ni na yi masa ƙazafi. Ƴan kamasho suka waiwayo. Wani ya ce, "Wane Nomau, Baba?" Wani ya tambaya ko na ɓata ne a kira mini ƴan gida. Mai shayi ya jawo mini benci ya ce in zauna rana na da zafi. Na duba fuska ɗaya bayan ɗaya, babu ko mutum guda da yake wurin a ranar da na ɗaga hannun nan.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Na yi shekaru ina jan mota ban san cewa kaya na da giyarsa ba, kuma da abin ya fi ƙarfin sanina sai na ɗora wa wanda ba zai iya mayar mini da magana ba. Ku direbobi masu jan kaya, in mai ya fara ƙarewa ku fara duba ƙafarku da hannunku.

Waɗanda suka ji ƙaryata sun tafi da ita kabari, ba ni da hanyar cim musu. Ku ne kuka rage mini, shi ya sa na sa wannan a rubuce. In a cikinku akwai mai zuwa wajen Dogon Kiriya, ya gamu da wani tsoho mai amalanken jaki, don Allah ya kira shi Nomau kawai, ya tsaya a nan.