Shari'ar Hajiya Adiza a Gaban Isaka

A cikin shekaru talatin da na yi ina aikin tafinta a kotunan Accra, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka kawo shari'ar Hajiya Adiza gaban Mai Shari'a Isaka. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, labarinsa kawai kuka ji. Ni kuwa tare muka tashi a Nima, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu.

A makaranta na fi shi Turanci nesa ba kusa ba, ni nake gyara masa rubutu. Da muka gama, na samu aikin gwamnati a kotu, shi kuma ya zama masinja a ofishin wani lauya a Tudu. A lokacin ni ake nunawa da yatsa a unguwa. Sai ga masinjan nan yana karatu ta wasiƙa, ya ci jarrabawa, ya shiga jami'a, ya fito lauya, na farko da na sani daga layinmu. Da aka koma mulkin farar hula, mutane suka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki. Soja suka rushe majalisar, ya koma aikin lauya. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na ji sanyi a raina. A ƙarshen shekarun tamanin aka naɗa shi alƙali, aka kuma turo shi kotun da nake.

Duk tsawon wannan lokaci ina nan inda nake, a tsaye gefen akwatin shaida. Mahaifiyata ma, in ta ga motarsa ta wuce, sai ta ce, "Alasan, ka ga ɗan'uwanka, Allah ya yi masa albarka." In ce amin da baki.

Ga yadda ƙa'idar take. Turanci ne harshen kotu. Ko da alƙali yana jin yaren mai shaida, abin da tafinta ya faɗa bayan ya yi rantsuwa shi ake rubutawa, shi kuma ake hukunci da shi. Alƙali ba ya zama tafinta a kotunsa.

Da safiyar ranar rajistara ya ce in kai littattafan Mai Shari'a teburinsa. Na kai. Da ya shigo muka miƙe, muka rusuna, ya wuce ta gabana ko kallona bai yi ba. Na koma wurina gefen akwatin shaida.

Hajiya Adiza tsohuwa ce daga Mamobi, mijinta tsohon soja ne na zamanin Turawa, ya rasu ya bar mata gida mai ɗaki shida cike da jikoki. Wani ɗan ƙabilar Ga ya kai ƙara cewa filin na danginsu ne, ba a taɓa ba kowa ba. Ba ta da takarda, sai bakinta. Aka tambaye ta yadda suka samu wurin, ta ce, "Mai filin ne ya ba mijina, da ya dawo daga yaƙi. Shi da kansa ya zo ya nuna iyaka."

Kowa a Zango, wato unguwanninmu na Hausawa irin su Nima da Mamobi, ya san yadda muke magana: mace ma "ya" muke ce mata. Aikin tafinta ne ya tsaya ya tambaya, namiji ne ko mace. Na sani sarai. Amma na fassara da namiji, ban tambaya ba. Abin da ke raina shi ne, bari in gani: ko dai babban alƙali ya manta Hausar gidansu, ko kuwa ya buɗe baki ya gyara ni, lauyoyi su tuna cewa ɗan Zango ne a ƙarƙashin wannan hular gashi.

Lauyan mai ƙara ya yi zumbur ya miƙe. Ya ce kakan mai ƙara, wanda yake riƙe da filin, ya mutu tun kafin a fara yaƙin, don haka tsohuwar ƙarya take yi. Hajiya ba ta jin Turanci, amma ta ga fuskoki. Ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗana, me ya ce? Na yi kuskure ne?"

Isaka ya gama rubutunsa a hankali. Sannan ya ce da Turanci, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Tafinta, tambayi mai shaida sunan wanda ya ba da filin."

Na tambaya. Ta ce, "Anti Dede mana. Duk Mamobi an san shi, yana sayar da kifi a kasuwar Makola."

Dole na faɗa wa kotu da bakina cewa mace ce, kuma fassarata ta farko ba daidai ba ce. Da aka matsa wa mai ƙara, ya amsa cewa Dede ƙanwar kakansa ce, ita ta riƙe filayen dangi bayan rasuwarsa. Aka ɗage zama. Daga baya dattawa biyu suka zo suka ba da shaida, gidan ya tabbata a hannun Hajiya.

Da aka tashi a ranar, rajistara ya ce Mai Shari'a yana kirana a ofis. Na shiga ina tunanin takardar kora. Ya cire hular, ya rufe ƙofa, ya yi mini Hausar Nima tsantsa.

"Alasan, kai ka koya mini bambancin namiji da mace a Turanci. Yau ka manta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ne."

Ya ce, "Ba kuskure ba ne. Me na yi maka?"

Na ce, "Ka wuce ni yau kamar ba ka san ni ba."

Ya ce, "In na gaishe ka a gaban lauyoyi, gobe su ce tafinta mutumin alƙali ne, su daina yarda da maganarka. Kuma ka san ba yau abin ya fara ba. In da ni kake, ga ni, ka zage ni a nan. Tsohuwar nan ba ta ci maka komai ba."

Bai kai ƙarata ba. Wannan ma sai da ya yi mini ciwo, don na ga ko a nan ya fi ni. Mun yi shekara huɗu tare, ban kuma ce muku hassadar ta mutu ba. Har ya yi ritaya, in aka yabe shi nakan ji ta tana motsi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a kotu kowa yana da mai sa masa ido, ban da tafinta. Mai shaida ba ya jin abin da ka faɗa, lauya ba ya jin abin da aka faɗa maka. A ranar nan Allah ya sa akwai mai ji a kan kujera, amma yawancin ranaku kai kaɗai ne. Duk abin da ke cin ranka, ajiye shi a waje kafin ka yi rantsuwa. In kuma tsohuwar Zango ta ce "ya", ka tsaya ka tambaye ta suna.