Ranar da Darajata Ta Faɗi a Baida

Ɗana a Madina aka haife shi, a unguwar Bani Harisa ya girma. Yana jin Hausa sarai, amma in na yi masa magana da Larabci yake amsa mini. In na ce ya kwana lafiya, sai ya ce “bi khair, abuya,” wato “lafiya lau, babana.” Abin ya daɗe yana ci mini rai. Da ya sami aiki a Jidda, sai tsoro ya kama ni kada ya tafi ban taɓa jin ya yi mini magana da harshen da na yi wa mahaifina ba.

Shi mayen keke ne, duk hunturu yakan hau zuwa duwatsun Baida. Na ce wannan karon da ni za a je. Mahaifiyarsa ta dube ni, ta dubi tumbina, ta ce, “Malam, rabonka da keke fa tun kana saurayi a Kano.” Na ce ƙafa ba ta mantuwa. Ashe tana yi.

Muka fita bayan rana ta ɗago, sanyi na yankan kunne. Muka bar Uhudu a baya, hanya ta shige tsakanin jajayen duwatsu. Tun a gida na shirya hirar da zan ja shi da ita, amma numfashin yin ta ya gagare ni. Hanyar Baida makira ce: ido na ganin gangara, cinya na jin hawa. Ina ta haki kamar tsohon injin markaɗe, shi kuwa yana gaba yana waigowa yana cewa, “Yalla, abuya!”

Girman kai ya sa na miƙe tsaye a kan feda, irin yadda muke yi da can. Tayar gaba ta sauka cikin yashi, keke ya yi dama, ni na yi hagu.

Sai na ji ihu. “Baba! Sannu! Ka ji ciwo?”

Da Hausa. Na yi lamo a cikin yashin, don kada in tashi ya daina. Ya durƙusa yana kakkaɓe mini riga. Da ya tabbatar ƙashina lafiya, sai ya nuna keken ya ce, “Baba, darajarka ta faɗi.”

Larabawa keke suke kira darraja, shi kuma ya sha jin kalmar daraja a bakinmu a gida, ya ɗauka duk abu guda ne. Dariya ta ƙwace mini har haƙarƙarina ya amsa. Na ce, “Ai kowa ya gani, ɗana.”

A dawowa hanyar ta biya mu wahalarmu, kekunan suka yi ta gudu da kansu ba mu taka ba. Muka jera, ina tambaya yana amsawa da gurguwar Hausarsa, yana mai da mace namiji, ban gyara masa ko ɗaya ba. Farin cikin da na yi ranar ya fi ƙarfin ciwon gwiwata.

Yanzu yana Jidda. In ya bugo waya, kafin komai yakan ce, “Baba, yaya daraja?” Nakan ce tana nan a jingine, shi take jira ya zo ya ɗaga ta.