Allurar da Ta Riga Suna

A gidanmu ciwon hanta ba baƙo ba ne, sunansa ne kawai ba mu sani ba. Mahaifiyata ta rasu ciki a kumbure, idanu sun yi ɗorawa. Ƙanenta ma haka ya tafi, yana tsakiyar ƙarfinsa. Inna, yayarsu da ta riƙe ni a unguwar Adjamé ta Abidjan, ta ce sammu ne na abokan kasuwa, kuma wanda zai musa mata ba a haife shi ba tukuna.

Ina da cikin fari na je awo wani asibiti a Treichville, kusa da inda nake aure. Aka ɗibi jinina. Da na koma, wata lokotoro, wato likita, mai ɗan gilashi ta zaunar da ni, ta ce ina ɗauke da ƙwayar cutar hanta, kuma da yawa. Ta tambayi abin da ya kashe mahaifiyata, na gaya mata. Ta ce ga dukkan alamu ranar da aka haife ni na ɗauka, domin ta nan take bi daga uwa zuwa ɗa. Wallahi sai na tsorata ƙwarai.

Ta ce suna wani bincike a kan mata irina. Za su ba ni ƙwaya in riƙa sha a watannin ƙarshe, su riƙa auna yawan cutar a jinina, sannan su bi jaririn su ga ko jikinsa ya gina garkuwa. Amma dole a yi masa allurar farko kafin ya kwana ya wuni a duniya. Na amince nan take. Ni da ko paracetamol sai an yi faɗa da ni, ban taɓa tsallake ƙwayar nan ba.

Da watan haihuwa ya kama, na koma wajen Inna goyon ciki. Niyyata in haihu a Treichville, amma yaron nan bai shawarci kowa ba. Bayan sallar asuba naƙuda ta taso, kafin a samo taksi ya faɗo a ɗakin Inna. Mijina kuwa yana hanyar Nijar ɗauko albasa.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Ba a kallonsa gaban manya, ba a nuna an damu da shi, ko kuka yake sai an miƙo maka. Kuma jariri ba ya ƙetare ƙofar gida kafin suna. Mata sun cika tsakar gida, ana hura wutar ruwan wanka, ni kuwa ina kwance ina kallon rana tana hawa bango.

Na ce a hankali, "Inna, akwai allurar nan."

Ta ce, "Bayan suna."

"Bayan suna ta makara."

"Ke, rufe mini baki. Ɗanyen jariri zan kai cikin iska da bakin mutane? A ina aka taɓa yi?"

Ni dai Allah bai yi ni da haƙuri ba. Na yunƙura na zauna, na ce da ƙarfi, yadda na waje za su ji, "Ɗana ne, Inna. In ba mai kai shi, zan tashi da jinin nan in kai shi da ƙafata."

Wata tsohuwa ta ce 'ya'yan Abidjan dai ba kunya a idonsu. Inna ta tsaya tana kallona, ni kuma hawaye ya ƙwace mini. Na ce, "Ke kika karɓi haihuwata. Ran nan na ɗauki abin da ya kashe ƙanwarki. Yau ma a hannunki kike so a sake?"

Ta ɗauko babban mayafinta, ta naɗe yaron a zane, ta rungume shi ta lulluɓe har ba a ganin ko ɗan yatsa. Ta karɓi katin asibitin ta soke a lalitarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce wa matan, "Mai magana ta same ni in na dawo." Maƙwabciyar da ta raka ta ta ce tun daga Adjamé har suka haye gada zuwa Treichville Inna tana tofa addu'a, tana yi wa direba faɗa a kan ramuka. Kafin azahar suka dawo, yaro da ɗan auduga a cinya.

Daga nan sai jira. Ya karɓi sauran alluransa, ya yi haƙori, ya fara rarrafe. Kullum sai na ɗaga fatar idonsa na duba, ko da na san ba a nan ake gani ba. Ya kusa shekara aka ɗibi jininsa, ya tsala ihu kamar ana yanka shi.

Ranar sakamako Inna ta ce ƙafata ƙafarta. Lokotoro ta yi bayani da Faransanci, ni ina juya wa Inna: babu ƙwayar cutar a jininsa, garkuwa kuma ta ginu, ko cutar ta zo ba ta da wurin zama. Ina dariya, daɗi kamar ya kashe ni.

Inna ta ce, "Tambaye ta, 'ya'yansa fa?"

Na tambaya. Lokotoro ta ce abin da ba shi da shi ba zai ba kowa ba.

Inna ta daɗe tana kallon yaron yana jan igiyar takalminta. Sannan ta ce, "To, a kanki ta tsaya ke nan."

Na ce, "A kaina ta tsaya, Inna."